Layar Baba Rahama

Makon jiya jikana ya sa ni a tasi daga Asokore Mampong, wai in je in yi sallama da gidanmu na tsohon Zangon Kumasi kafin a ƙarasa rushe shi. Ban so zuwa ba, amma yaran yanzu idan suka ƙudura yi maka alheri ba sa tambayar ko kana so. Mun tarar an riga an kwashe kwanon rufi, ɗakuna sun buɗe baki suna kallon sama, tsakar gidan da na sani da faɗi ta zama kamar tabarma guda. Bene za a yi, in ji su, shaguna a ƙasa. Jikana yana ta ɗaukar hoto da waya, ni kuwa na taka kan tarkace na nufi ɗakin da ke jikin zaure, na leƙa bayan ƙofa. Ƙusar tana nan, ta yi tsatsa, ta ɗan sunkuya. Na ce ya ciro mini ita. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, duk gidan nan ƙusa kawai kika gani?" Na ce ya cire ya rufe mini baki.

A da Zango da kunne ake saninsa. Kafin ka buɗe ido ka ji ladan yana kira da maƙogwaronsa, ba na'ura, sai ƙarar guga a bakin famfo, sai taɓare uku a turmi ɗaya, sai mai koko tana jan kira kamar an yi mata laifi. Da hantsi 'yan goro su baje huhu a zaure suna tsincewa, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika gida, ana ciniki da Hausa, ana faɗa da Tiwi, yaren 'yan gari, ana rantsuwa da Larabci. Ba mai rufe ƙofa. Idan an dafa a ɗaki ɗaya, duk gida ya san ko gishiri ya yi yawa. Yanzu inda nake zaune kowa na bayan katangarsa da ƙofar ƙarfe, abin da nake ji sai janareto da babur mai ƙafa uku, maƙwabciyata ta haihu sai a waya na gani. Ba na cewa da can babu wahala, akwai ta har da ƙari, mun ɗauki ruwa har wuyanmu ya shige. Amma a cikin duk hayaniyar nan akwai sauti ɗaya da na fi kewa, wato ƙarar keken ɗinki da ake gwadawa a ɗakin jikin zaure, ya yi gudu ya tsaya, ya yi gudu ya tsaya, kwana shida a mako.

Mai wannan ɗaki shi ne Baba Rahama. Sunansa na asali ya fi haka tsawo, bakin mutanen Zango ya gajarta shi. Bayahude ne daga Tarabulus, fari, siriri, mai ƙaramin gemu, gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Hausa tun yana yaro ya iya ta, domin ubansa fatauci ya yi da mutanen Kano, sai dai irin ta tsofaffi ce, har yakan gyara mana magana, mu da aka haifa a cikinta. Mahaifina ne ya saukar da shi. An ce wasu sun yi gunaguni, sun ce Bayahude a gidan Musulmi, mahaifina ya ce shi baƙo ya sani, kuma ba a taɓa jin mai masauki ya tambayi baƙo alƙiblarsa kafin ya ba shi ruwa ba. Daga nan aka bar maganar. Namanmu ba ya ci, sai kifi da wake da ƙwai, Kakata ta ware masa tukunya wadda ko cokalinmu ba ya shiga. Ranar Asabar kuwa ba ya taɓa komai. Ba ya hura wuta, ba ya riƙe almakashi, ba ya ɗaukar kaya, ba ya wuce bakin unguwa. Yakan sa farar riga ya zauna da littafinsa yana rangaji, teloli su zo da keke a ka, su roƙa har su gaji, ya ce su dawo gobe. A bayan ƙofarsa, a kan ƙusar nan, akwai wata jakar buhu a ɗaure, kullum a cike, ba ya buɗewa a gabanmu. Mu yara muna cewa zinariya ce.

Ni marainiya ce. Uwata ta rasu ban yi wayo ba, mahaifina ya bi ta ina shekara shida, Kaka ce ta riƙe ni, uwar uwata. Ita 'yar Salaga ce, Bagwanja, Hausarta ba ta san mace da namiji ba, kowa "shi" ne a wurinta, har ni. Mahaifina kuwa daga ƙasar Faransa ya zo, kamar yadda muke kiran Nijar a lokacin, kuma ya bar mini gadon da ba ya ɓacewa, wato tsagar danginsa a kumatu biyu. Kaka takan ba da labarin ranar sunana tana dariya. Wai da wanzami ya fito da aska, Baba Rahama ya tashi ya riƙe hannun mahaifina a gaban jama'a, yana cewa kada a sa wa yarinya alamar da za a tsince ta da ita cikin mutane. Mahaifina ya ce ai amfanin tsaga ke nan, in ta ɓata a gane ta a kawo ta gida. Baba Rahama ya ce to a yi mata rajista a ofis, a karɓo takarda. Nan ma aka yi masa dariya. An yanka rago, liman ya raɗa suna, duk Zango ya ci tuwo ya shaida, wace takarda ce ta fi wannan? Ya koma ɗakinsa, aka yi mini tsaga, aka ci gaba da biki.

Na tashi da layu a wuya kamar kowane ɗan Zango, amma akwai guda ɗaya mai faɗi, jar fata, wadda Kaka take kira layar Baba Rahama. Ta ce shi ya ba ta da hannunsa ina jaririya. Da ƙyanda ta shigo unguwa ta kwashi yara, ni ko zazzaɓin kirki ban yi ba, sai labari ya bazu cewa layar Bayahuden nan ba ta wasa. Tun ina da shekara goma ta bar wuyana ta shiga yawo. Yaro yana haƙori a zo a ara, yaro yana tari a zo a ara, ta yi wata guda a wannan gida, ta yi sati biyu a wancan. Kaka ce mai tsare lissafin inda take, a kanta. Mata su riƙa aiko wa Baba Rahama da ƙwai da ƙosai, shi kuma yana karɓa yana mamakin kirkin mutanen Zango. Ba wadda ta taɓa faɗa masa dalili, domin a wurinmu ba a tsayar da malami a yi masa zancen layar da ya bayar, sai a ce an karya ta.

Abin da ya baro a ƙasarsu ban sani ba sai da na zama budurwa. Ya kwanta zazzaɓi, Kaka ta ce in riƙe mata kwanon man kaɗanya za ta shafa masa a baya. Da ta ɗaga rigar na ga tabo a jere, farare, sun tsufa. Ni kuma bakina ba ya da linzami tun ina ƙarama, na ce, "Baba, sata ka yi?" Kaka ta kai mini duka, shi kuwa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Asabar na sata, binti." Haka yake kirana, binti, wato 'yata.

Da ya warke ya ba ni labarin, ba a zama ɗaya ba, kaɗan kaɗan, yana goge ƙarafa. Ya ce Italiyawa ne ke mulkin ƙasarsu, masu baƙar riga, waɗanda ake kira 'yan fasist. Farko suka ce dole Yahudawa su buɗe shago ranar Asabar. Ya ƙi, aka kwantar da shi a fili aka yi masa bulala, mutanen da yake gaisawa da su kullum suna tsaye suna kallo. Kunya ta sa ya kwashi iyalinsa ya koma Banghazi wurin surukansa. Can ma abin ya bi su. Aka kori yaransu daga makarantar gwamnati, aka sallami masu aikin ofis, aka buga tambari a takardar kowa don a san jininsa. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne babu ihu, magatakarda ne kawai da alƙalami, yana tambayar sunanka cikin ladabi. Da yaƙi ya yi zafi aka liƙa sunaye a bango, manyan motoci suka zo. An kwashe su kwana da kwanaki cikin hamada zuwa wani sansani a kan dutse, an zuba su a dogayen ɗakuna, iyali da iyali ba abin da ya raba su sai bargo da aka rataya. Burodi ɗan mitsitsi, sanyi, ƙwarƙwata, sai zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa. Matarsa ce ta fara rasuwa. 'Yarsa Mas'uda, mai shekara bakwai, ta bi ta bayan sati uku. Ya ce da ya san za a zo, da ya tanadi mataji mai ƙananan haƙora da sabulu da bargo na biyu, wataƙila da ta kai ranar da sojan Ingila suka buɗe ƙofa. Bayan nan ya kasa zama a garin da kowane lungu ke tuna masa, ya bi fatake kudu har Kano, ya bi goro har Kumasi. A ranar na gane abin da ke cikin jakar bayan ƙofa, na kuma ji kunyar zancen zinariya.

Na tausaya masa ƙwarai, amma in faɗi gaskiya, na ɗauki labarin kamar abin da ke faruwa da wasu mutane a wata duniya. Mu a Zango wa zai kore mu? Kakannin wasu a nan aka binne su.

Ina da shekara goma sha tara, ina sayar da shinkafa da wake a bakin titi, rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takardar zama an ba shi sati biyu ya bar ƙasa. Ranar farko muka yi ta dariya. Rana ta uku dariya ta ƙare. Mutane suka fara zuwa Zango suna taya gado da kwalla da keken ɗinki a farashin wulaƙanci, masu kaya suna sayarwa suna kuka. Wani magini da ya shekara uku yana cin abincina, har ina ƙara masa miya, ya kalli kumatuna ya tambaye ni da Tiwi yaushe zan tafi garinmu. Garinmu kuwa yana bayansa, taku ɗari biyu. Ranar Juma'a ta biyu ɗan sanda ya tsayar da ni da tire a ka. Na yi masa Tiwi tsantsa, na faɗa masa gidan da aka haife ni. Ya nuna fuskata da sandarsa ya ce wannan fa? Ya rubuta sunana, ya ce Litinin in zo ofis da shaidar haihuwa, in babu, mota na jira.

Kaka ba wanda zai taɓa ta, kowa ya ji Gwanjancinta ya san 'yar ƙasa ce. Amma idonta ya fara mutuwa, ni ce ke dafa mata, ni ce ke kai ta bayan gida. Ni kuma ƙasar mahaifina ko sunan ƙauyen ban riƙe daidai ba. In an sa ni a mota, ita ta mutu ita kaɗai, ni in sauka inda ba wanda ya san ni sai tsagar fuskata.

Da safiyar Asabar muna zaune a tsakar gida kamar masu zaman makoki, Baba Rahama ya fito da farar rigarsa, littafi a hannu. Shi takardunsa a cike suke, duk shekara yakan sa kwat ɗinsa guda ɗaya ya je ya sabunta, muna yi masa tsiya. Ya dube mu ya ce, "Iya, kukan na mene ne? Ki ɗauko takardar da na ba ki, Litinin ta kai musu."

Kaka ta ce, "Wane takarda?"

"Ta haihuwarta. Ubanta ya ƙi, na je da kaina na yi mata rajista, na rubuta cewa a nan aka haife ta, uwarta ma 'yar ƙasa ce. Na kawo na sa miki a hannu. Na ce wannan ita za ta tsare yarinyar nan, kada ta yi nisa da ita."

Kaka ta ce, "To ai ban bar shi ya yi nisa ba koraa, ko kaɗan. Ran nan na kai ma baduku ya ɗinke shi da kyau paa, na rataya ma yarinya a wuya."

"Kika ɗinke?"

"Kai malami ne, ka ba ni rubutu, ka ce zai tsare yaro. Me zan yi da shi, in dafa?"

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tasa ta yi ba, dariya da kuka suna kokawa a kai. Ya miƙo hannu wajen wuyana ya ce in ciro. Na ce ai ta shekara tara ba ta wuyana. Ya juya ga Kaka. Ta fara ƙirga da yatsu, daga gidan mai nama ta koma gidan liman, daga can ta je wurin Zinatu, wadda ɗanta ke zawo. Sai ta dafe ƙirji. Zinatu maƙwabciyarmu ce, ita da mijinta mutanen Dosso ne, ba su da ko guntuwar takarda, kuma tun da sassafe suka zo suka yi mana sallama suka nufi tasha.

Baba Rahama ya ajiye littafinsa a kan turmi. Ya shiga ɗaki, ya fito da jakar nan a kafaɗa, ya ce, "Tashi, binti." Na ce, "Baba, yau Asabar." Ya ce ya san ranar, in wuce gaba.

Ban san tsoho yana da sauri haka ba. Muka ratsa kasuwa, shi da farar riga da jaka, mutane suna tsayawa suna kallo, domin duk wanda ya san shi bai taɓa ganinsa a nan ranar Asabar ba. Amma da muka isa tasha sai ƙafarsa ta ƙi. Manyan motoci ne a jere, an loda mutane a kan kayansu, tsofaffi, masu ciki, yara suna kuka, wani da takarda a hannu yana kiran sunaye. Ya tsaya cak, yana magana da harshen da ban sani ba. Na gane ba Kumasi yake gani ba. Na kama hannunsa, yana da sanyi kamar randa, na ce, "Baba, ni ce, kada ka bar ni yanzu." Ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci, ya ce mu je.

A mota ta biyar muka sami Zinatu, a can sama kan ƙullin katifa, yaron a cinyarta ya yi laushi, jar layar tana ƙirjinsa. Na yi mata bayani ina haki. Zinatu ta rungume ɗanta ta ce, "Haba 'yar'uwa! Yaro ba lafiya, hanya kwana nawa ban sani ba, yanzu ne za ki karɓe? Ku kuna gida, mu aka kora, wannan ma ba za ku bar mini ba?" Direba ya riga ya tada inji, ni kuma ina tsaye ina neman in cire kariya daga wuyan jariri don in tsira.

Baba Rahama ya sauke jakarsa ya kwance ta a gaban kowa. Bargo biyu, gorar ruwa, sabulu, gishiri da sukari a ƙulle, busasshen burodi, ƙwayoyin zazzaɓi, allura da zare, reza, da mataji mai ƙananan haƙora. Ya ɗaga kai ya ce, "Zinatu, ni na yi irin tafiyar nan. Abin da ke cikin fatar nan sunan yarinyar nan ne kawai, ba zai yi wa ɗanki komai ba. Abin da zai yi masa amfani ga shi. Ki tafasa ruwa duk inda kuka tsaya, ki sa gishiri kaɗan da sukari, ki riƙa ba shi ko yana ƙi. Ki rufe shi da dare. Shekara ashirin da wani abu ina tanadin jakar nan, ashe taki ce."

Ta dube shi, ta dubi jakar, ta kwance igiyar ta miƙo. Ya zauna a ƙasa cikin ƙura da farar rigarsa, mutumin da aka yi wa bulala don ya ƙi taɓa aiki ranar Asabar, ya ɗauki reza ya fara farke ɗinkin baduku ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha tara na gumi da wanka da yawun jarirai, me zai rage? Allah ya ji ƙan badukun nan, ko waye shi. Ƙarƙashin fata akwai ƙyalle, ƙarƙashin ƙyalle zare ne an naɗe tam, a ciki takarda an ninke ta har ta koma kamar ƙwayar goro. Ya warware ta a hankali a kan gwiwarsa. Ta yi ja, ninkin ya kusa cinye ta, amma ga sunana, ga sunan uwata, ga Kumasi, ga tambari. Na zauna kusa da shi ina kuka ina dariya kamar mahaukaciya.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka miƙo masa yaron, ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a da harshensu, ya mayar masa da fatar a wuya, ya ce wannan karon da saninsa ya bayar. Aka ɗaga jakar sama, mota ta tashi. Ban sake jin labarin Zinatu ba har yau, ban san ko yaron ya kai ba, kuma ba na yin salla ban sa su a ciki ba. Abin da ya same mu bai kai abin da ya sami mutanen Baba Rahama ba, mu kora aka yi, su kashewa aka yi. Amma rabin gidajen layinmu sun zama kango a wannan sati, kuma ni abin da ya raba ni da masu tafiya tsoron wani tsoho ne da kuskuren wata tsohuwa.

Ranar Litinin ya sa kwat ɗinsa ya raka ni. Ma'aikacin ya dubi kumatuna, ya dubi takardar, ya kai ta hanci, ya tambayi dalilin da take warin man kaɗanya. Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya kira na kusa da shi ya gani, sannan ya ja layi a kan sunana ya ce in tafi gida. Tafi gida. Kalma biyu, amma ban taɓa jin mai daɗinsu ba. Da muka fito rana ta yi mini kyau, warin kwata ya yi mini kyau, har maginin nan da na hango na ji zan iya ƙara masa miya. Muna shiga gida Kaka ta shafa fuskata da hannu biyu ta tabbatar ni ce, sannan ta juya inda take jin numfashin Baba Rahama ta ce, "To, Malam, yanzu ka ce laya bai yi aiki ba." Ya ce, "Ya yi, Iya. Ya yi." Har ta koma ga Allah ba wanda ya iya raba ta da wannan magana, kuma ni ma da na tsufa na daina gardama.

Bayan kwana biyu na kai masa abinci na ga ƙusar ba komai. Abin ya tsaya mini a rai, na ce, "Baba, akwai buhu mai kyau a wurin 'yan goro, in ɗinka maka wata jakar?" Yana zuba mai a keke, bai ɗago ba. Ya ce, "A'a, binti. Motoci sun zo, an kira sunaye, kuma ga ki nan kin kawo mini wake. Wannan karon ba a tafi da yarinyar ba." Ya cire hularsa ya miƙo mini ya ce in rataya masa a wurin.

A kan ƙusar nan hularsa ta zauna har shekarar da ya rasu a ɗakin, ranar wata Laraba, teloli da 'yan goro suka ɗauki gawarsa a kafaɗa. Makon jiyan nan jikana ya ciro ƙusar da ƙyar, ya goge tsatsar a wandonsa ya miƙo mini. A cikin tasi ya ce in ya samu lokaci zai sayo mini sababbi, cike da leda. Na ce masa wannan ta ishe ni, ya buga mini ita a bayan ƙofar ɗakina, kuma kada in ga kowa ya rataya jaka a kai.